Zauren Tarihi: Daga ina gidajen sarautar Jamus suka samo sunayensu?

  

Yau za mu fara da tona wa kanmu asiri. Muna aji biyar na sakandare aka koya mana Taron Berlin, wanda aka buɗe a watan Nuwamba 1884 aka rufe a watan Fabrairu 1885. A wurin ne ƙasashe 14 suka tsara ƙa'idojin da za su bi wajen mamaye Afirka, ba tare da ɗan Afirka ko ɗaya ya zauna a teburin ba. Mai masaukin baƙi shi ne shugaban gwamnatin Jamus, Otto von Bismarck. Sai muka yi wa sunan nan fassara irin ta gida: Otto sunansa na yanka, Von mahaifinsa, Bismarck kuma kakansa. Haka muka haddace, haka muka rubuta a jarrabawa.

Sai da muka shiga jami'a wani malaminmu ya warware mana. Ashe "von" ba sunan kowa ba ne. 'Yar ƙaramar kalma ce ta Jamusanci mai ma'anar "na" ko "daga", ana furta ta "fon", ana kuma rubuta ta da ƙaramin harafi. Bismark kuwa wani ƙaramin gari ne a yankin Altmark da ke arewacin Jamus. Ke nan sunan mutumin nan Otto na garin Bismark.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin Shagari gari ne, Tafawa Ɓalewa gari ne, haka Kano da ke jikin sunan Malam Aminu. Abin da ya ba mu mamaki da muka bi diddigi shi ne, mafi yawan sunayen nan da suka girgiza Turai, in aka fassara su, ba su wuce adireshi ko sunan aiki ba: wani tsauni, wani ƙauye, ko aikin zuba wa maigida abin sha. Shi ne abin da za mu duba a wannan makon.

Lokacin da suna ɗaya ya wadatar

Shekara dubu da suka wuce Bajamushe suna ɗaya gare shi, sarki ne shi ko manomi: Otto, Konrad, Heinrich, Adelheid. Ana gane babban gida ne da sunan da ya fi yawo a cikinsa, wanda ake mayar wa jikoki. Misali shi ne gidan Welf, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a Turai. A shekarar 819 'yar wani mai suna Welf, wato Judith, ta auri Sarki Ludwig ɗan Charlemagne, daga nan gidan ya ɗaukaka. Ma'anar Welf kuwa ɗan kwikwiyo.

A ƙarni na 11 da na 12 abubuwa suka sauya. A lokacin Jamus ba dunƙulalliyar ƙasa ba ce. Tarin ƙasashe ne manya da ƙanana a ƙarƙashin wani babban sarki da ake kira Kaisar, a cikin abin da suka sa wa suna Daular Rum Mai Tsarki. Ikon Kaisar bai kai ko'ina ba, saboda haka duk mai ƙarfi sai ya nemi tsauni ya gina gidan dutse mai ganuwa da hasumiya, inda zai tsare kansa, ya kuma riƙa hango gonaki da hanyar fatake. Irin wannan gida shi ake kira Burg. Muƙaman da a da sarki ke bayarwa ya karɓe, sai suka fara zama gado daga uba zuwa ɗa, gidan dutsen kuma ya zama cibiyar zuri'a.

To, masu rubuta takardun filaye da na shari'a suna bukatar bambance wannan Heinrich da wancan, sai suka riƙa ƙara sunan gidan da mutum yake zaune. Da farko sunan ba ya zama daram. In mutum ya gina sabon gida ya koma, sai sunansa ya canza, har akan samu wa da ƙane kowa da nasa. A hankali sunan ya kafu, ya riƙa bin zuri'a ko da ta bar wurin.

Shi ya sa aka samu wata kalmar ta biyu, wato "zu", mai nufin "a wuri kaza". Mai "von" daga wurin ya fito, mai "zu" kuwa yana zaune a wurin lokacin da sunan ya kafu. Wanda ya haɗa biyun, "von und zu", yana nuna cewa can ne asalinsa kuma gidan bai fita hannunsu ba.

Tsaunuka uku da suka haifi sarakuna

Mu fara da Hohenzollern. Zollern wani tsauni ne kusa da garin Hechingen a kudu maso yammacin Jamus, "hohen" kuma na nufin mai tsayi. An fara ambaton gidan a rubuce a shekarar 1061, inda wani malamin coci ya rubuta cewa an kashe wasu mutum biyu 'yan Zollern. A ƙarshen ƙarni na 12 suka samu riƙon gidan dutsen Nuremberg. A 1415 aka ba ɗayansu yankin Brandenburg, inda Berlin take. A 1701 suka zama sarakunan Prussia, sannan ranar 18 ga Janairu 1871 aka naɗa Wilhelm na Ɗaya Kaisar na haɗaɗɗiyar Jamus. Tafiyar shekara 810 ke nan daga kan tsauni zuwa gadon mulkin ƙasa baki ɗaya. Masu kallon ƙwallo ku lura da farar riga da baƙin wando na 'yan wasan Jamus: launukan tutar Prussia ne, kuma su ne a jikin tambarin gidan Hohenzollern.

Na biyu shi ne Habsburg. Gidan dutsensu na asali yana cikin ƙasar Suwizalan ta yau, an gina shi a farkon ƙarni na 11. Labarin da aka fi bayarwa shi ne sunan ya samo asali daga Habichtsburg, wato gidan shaho. A 1273 aka zaɓi Rudolf na Habsburg ya zama sarkin Jamusawa, a 1282 kuma ya damƙa wa 'ya'yansa ƙasar Ostiriya. Abin ban sha'awa, a 1415 mutanen Suwizalan suka ƙwace gidan shahon, amma zuri'ar ta ci gaba da amsa sunan har shekara 500 bayan haka, tana mulki daga birnin Vienna.

Na uku shi ne Wittelsbach, sarakunan Bavaria, yankin da Jamusawa ke kira Bayern. Da sunan Scheyern aka san su, sai a farkon ƙarni na 12 suka koma wani gidan dutse mai suna Wittelsbach, suka ɗauki sunansa. A 1180 aka ba su Bavaria. A 1208 wani ɗan gidan ya kashe Sarki Philipp a garin Bamberg, hukuncin da ya biyo baya kuma shi ne aka rushe gidan dutsen a 1209. Ginin ya tafi, sunan ya tsaya, suka mulki Bavaria har 1918, shekara 738 cur. Zanen nan na shuɗi da fari da ke tsakiyar bajon Bayern Munich daga tambarinsu ya fito.

Bayi da barori da suka zama manya

Ba kowane gidan sarauta ne ya fara da mallakar tsauni ba. Manyan sarakuna da shugabannin coci suna da wasu barori da ba 'yantattu ba, waɗanda ba sa aure ko barin gari sai da izinin ubangidansu. Saboda an fi amincewa da su a kan 'yan uwa na jini masu kwaɗayin gadon mulki, sai aka riƙa ba su doki da sulke, da tsaron gidajen dutse, da karɓar haraji. Wanda ya san tarihin bayin sarki a masarautunmu ba zai sha wahalar gane wannan ba. Kafin ƙarni na 14 ya ƙare jikokinsu sun saje da sauran masu sarauta, kuma da yawa daga ƙananan gidajen sarautar Jamus daga cikinsu suka fito.

Sunayensu ne ke tona asalinsu. Schenk shi ne mai zuba wa maigida abin sha. Truchsess shi ne mai kula da abinci da teburin fada. Marschall asalinsa mai kula da dawaki ne, kamar Shamaki a wurinmu. Gidan Schenk von Stauffenberg sun fara ne da yi wa masu tsaunin Zollern wannan hidima ta abin sha a ƙarni na 13. Ku riƙe sunan nan da na Truchsess, za mu sake haɗuwa da su.

A gabashin Jamus kuma, ƙetaren kogin Elbe, akwai sunaye masu ƙarewa da "ow" ko "itz", irin su Bülow da Zitzewitz. Waɗannan sunayen ƙauyuka ne na al'ummar Slav, dangin mutanen Folan, waɗanda suke zaune a yankin kafin Jamusawa su mamaye shi. Gidan Puttkamer ma daga can yake, sunan kuma ya fito ne daga wani muƙamin fada na harshen Slav. Matar Bismarck 'yar wannan gida ce, haka Jesko von Puttkamer, wanda ya zama gwamnan mulkin mallaka na Jamus a Kamaru a 1895.

Su ma muƙaman sarautar suna da ma'ana mai sauƙi. Herzog shi ne mai jan rundunar yaƙi. Fürst na nufin na farko. Graf asalinsa wakilin sarki ne a gunduma, kusan kamar hakimi. Freiherr na nufin 'yantaccen maigida, Ritter kuma mahayin doki. A samansu akwai masu zaɓen sarki guda 7, waɗanda dokar 1356 ta tabbatar da su.

Sarautar takarda

Daga ƙarni na 14 aka buɗe wata ƙofar. Kaisar kan rubuta takarda, ya buga hatimi, ya ce daga yau wane da zuri'arsa sun shiga sahun masu sarauta. Mafi daɗewar irin wannan takarda da ta rage ita ce ta 1360. Daga nan aka samu rukuni biyu: tsofaffin gidaje da ba a san ranar da suka fara ba, da kuma 'yan takarda. Na farko sukan yi wa na biyu kallon shigar sauri.

Ku dubi gidan Fugger. A 1367 wani masaƙi mai suna Hans Fugger ya bar ƙauyensu ya shiga birnin Augsburg, aka rubuta zuwansa a littafin haraji. Jikansa Jakob Fugger, wanda ya rayu daga 1459 zuwa 1525, ya haɗa fataucin yadi da haƙar azurfa da tagulla da bai wa sarakuna bashi, har ya zama ɗaya daga cikin mafiya arziki a Turai. A 1511 aka ba shi sarauta, a 1514 ya zama Graf. A 1519 shi ya ba da fiye da rabin kuɗin da aka raba wa masu zaɓe domin Karl na Biyar ya hau gado. Unguwar da ya gina wa talakawan Augsburg tana nan har yau, kuma kuɗin hayar gida a cikinta bai kai Yuro ɗaya ba a shekara.

Ga kuma Thurn und Taxis. Asalinsu 'yan Italiya ne daga wani ƙauye kusa da Bergamo, sunansu Tasso, sunan wata dabba mai kama da dage. Daga 1490 suka shirya wa Sarki Maximilian hanyar aika wasiƙu, inda mahayi ke miƙa jaka ga wani mahayin a kowane zango, ta yadda saƙo ba ya kwana a hanya. Da suka yi kuɗi sai suka nemi asali mai nauyi, suka danganta kansu da wani tsohon gidan Milan mai suna Torre, wato hasumiya. A 1650 Kaisar ya amince, Torre ya koma Thurn a bakin Jamusawa. Sun riƙe harkar wasiƙu har 1867.

Daga baya "von" ta tashi daga nuna wuri ta koma lambar girma kawai. Marubuci Goethe ya same ta a 1782, injiniya Werner Siemens a 1888. Babu wani gari da Goethe ya mallaka mai wannan suna, an dai liƙa masa kalmar ne a gaban sunan da ya gada.

Sai dai a yi hattara, ba duk mai irin wannan kalma ne ɗan sarauta ba. A arewa maso yammacin Jamus akwai manoma da yawa masu "von" da ba ta nuna komai sai inda gonar kakansu take. Shahararren mawaƙin nan Ludwig van Beethoven ya ɗanɗana wannan. Mutanen Vienna sun ɗauka "van" ɗinsa daidai take da "von", alhali daga yankin Beljiyam ta yau kakansa ya zo da ita. A 1818, yana shari'a kan riƙon ɗan ƙanensa a kotun masu sarauta, aka nemi ya kawo shaidar asali. Da ya kasa, sai aka mayar da shari'ar kotun talakawa.

Wa ya ɗauko duwatsun?

Kada kyan gine-ginen nan ya sa mu manta da waɗanda suka hau tsauni da dutse a ka. Manoma da yawa a lokacin ɗaure suke da ƙasar ubangidansu. Suna yi masa noma kyauta na wasu kwanaki, suna biyan kaso daga amfanin gona, kuma shi ne alƙalinsu in an yi rigima. Su ma sun samu sunayen zuri'a daga baya, amma nasu na sana'a ne: Müller mai niƙa, Schmidt maƙeri, Schneider tela, Weber masaƙi, Fischer masunci. Har gobe Müller ne sunan da ya fi yawa a Jamus.

A 1524 da 1525 tura ta kai bango, manoma suka yi tawaye. A garin Memmingen suka rubuta bukatu 12, ciki har da a daina mallakar mutum kamar kaya. An murƙushe su, aka kashe dubun dubatarsu. Kwamandan da ya fi yin suna wajen wannan aiki shi ne Georg Truchsess von Waldburg. Ku duba sunan da kyau: jikan masu hidimar teburin fada ne, ya manta cewa nasa kakannin ma ba 'yantattu ba ne. A Prussia sai a 1807 aka yi dokar 'yanta manoma, ta fara aiki sosai a 1810.

Ranar da suna ya zama kaya mai nauyi

Akwai gida na huɗu da ya samo suna daga gidan dutse, wato Wettin, a bakin kogin Saale. Wani reshensa da ake kira Saxe-Coburg da Gotha ya shahara wajen aurar da 'ya'yansa a fadojin Turai. Daga cikinsa aka samu sarkin Beljiyam na farko a 1831, sannan a 1840 Yarima Albert ya auri Sarauniya Victoria ta Ingila. Ta haka gidan sarautar Ingila ya wayi gari da sunan Jamusawa.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke sai sunan ya zama abin kunya. Sarki George na Biyar na Ingila da Kaisar Wilhelm na Biyu na Jamus duk jikokin Victoria ne, ga shi sojojinsu na kashe juna. A watan Yuni 1917 jiragen yaƙin Jamus suka yi wa London ruwan bama-bamai, suka kashe mutum 162, ciki har da yara 18 a wata makarantar firamare. Sunan jiragen Gotha, irin na gidan sarki. Ranar 17 ga Yuli 1917 Sarki George ya sanar da cewa daga ranar sunan gidansu Windsor. Windsor ɗin ma sunan wani gidan dutse ne a Ingila, wato dabarar shekara 800 aka sake ɗaukowa. 'Yan uwansu na Battenberg, sunan wani ƙaramin gari a Jamus, suka juya nasu ya koma Mountbatten.

A Jamus kuwa abin ya fi haka. Hausawa na cewa duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A watan Nuwamba 1918 aka ci Jamus da yaƙi, juyin juya hali ya tashi, cikin 'yan makonni sarakuna fiye da 20 suka rasa gadajensu. Wilhelm na Biyu ya tsere Holan, can ya mutu a 1941. Ranar 11 ga Agusta 1919 aka sa hannu a sabon kundin tsarin mulki, wanda sashensa na 109 ya soke duk wani fifiko na haihuwa. Ya ce muƙaman sarauta sun zama wani ɓangare na suna kawai, kuma ba za a sake bai wa kowa ba. Wanda ya sa hannun shi ne shugaban ƙasa Friedrich Ebert, ɗan tela, wanda sana'ar da ya koya ita ce dukancin sirdi.

Tun daga ranar, Graf ya tashi daga gaban suna ya koma tsakiya, ya zama kamar kowane sunan zuri'a a katin shaida. Ostiriya ma ta fi tsanantawa, domin a watan Afrilu 1919 ta haramta amfani da "von" ɗungurungum. A 1945 kuma, a gabashin Jamus da sojojin Tarayyar Sobiyet suka riƙe, aka ƙwace duk gonar da ta wuce hekta 100.

Bayan an ƙwace rawani

Da suna ya rage shi kaɗai, sai halin kowa ya fito fili. Shugaban ƙasa Paul von Hindenburg ne ya naɗa Hitler shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairu 1933, Franz von Papen kuma shi ya shirya cinikin, yana ganin zai iya juya Hitler yadda yake so. Ɗaya daga cikin 'ya'yan tsohon Kaisar ma ya shiga jam'iyyar Nazi. A ɗaya gefen akwai Claus Schenk Graf von Stauffenberg, jikan masu zuba abin sha ɗin nan. Ya yi shekaru yana aiki a rundunar Hitler kafin ya juya masa baya. Ranar 20 ga Yuli 1944 ya ajiye bam a ɗakin taron Hitler. Hitler ya tsira, aka harbe Stauffenberg a Berlin a daren. Duka ukun suna da "von", amma yau Jamusawa ba sa ambatonsu da murya ɗaya.

Misali na ƙarshe ya fi kusa da mu ɗalibai. Karl-Theodor zu Guttenberg ɗan gidan da aka san shi tun ƙarni na 12 ne, mai "von und zu" a cikakken sunansa. Yana da shekara 39 yana ministan tsaron Jamus, ana ganin zai iya zama shugaban gwamnati. A watan Fabrairu 2011 aka gano cewa ya kwafi rubutun mutane da yawa a kundin digirinsa na uku ba tare da ya faɗi inda ya ɗauko ba. Jami'ar Bayreuth ta janye digirin, ranar 1 ga Maris kuma ya sauka daga muƙaminsa. Sunan da ya yi ɗaruruwan shekaru bai iya tsaya masa a gaban kwamitin jami'a ba.

Abin da ya shafe mu

Mun san yadda abin yake a aji. Akwai wanda in an kira sunan gidansu sai kowa ya waiwayo, akwai kuma wanda yake sunkuyar da kai saboda sunan ƙauyensu na ba 'yan aji dariya, ko saboda sunan na nuna kakansa maƙeri ne ko mahauci. Mun ga wanda ya so ya sauya suna ranar cike fom ɗin jarrabawa saboda wannan dalili. Ga na biyun muna cewa, Zollern ma tsauni ne da ba wanda ya san shi, Fugger kuma da masaƙa ya shigo birni. Ga na farkon kuma muna cewa, a yi godiya ga Allah, a kare mutuncin gida, amma a tuna cewa mai duba takardar jarrabawa lamba yake gani. An ce suna linzami ne, to linzami ba ya tafiya sai da doki.

Ko kun san?

A gidan Reuss da ke tsakiyar Jamus, duk ɗa namiji da aka haifa sunansa Heinrich, al'adar da suka riƙe tun wajen shekarar 1200 don girmama Kaisar Heinrich na Shida. Da lamba ake bambance su. A wani reshen gidan, in sabon ƙarni ya kama sai a koma ƙirga daga ɗaya. An yi wani Heinrich na 72 da ya yi mulki har 1848.

Aikin gida

A wannan makon ku samu kaka ko wani dattijo a gida ku yi masa tambaya uku. Sunan da kuke rubutawa a bayan naku, na mutum ne, na gari ne ko na sana'a? Wa ya fara amsa shi? Daga ina ya zo garin da kuke yanzu? Ku rubuta amsar a littafi ku adana, ku kuma aiko mana da ita a taƙaice, za mu buga waɗanda suka fi tsari. Mu da muka gwada, sai da hirar ta kai mu har bayan sallar isha'i, kuma mun ji abin da ba mu taɓa ji ba game da gidanmu.

Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A yi karatu lafiya.